Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai a Cikin Birnin Kano: Tsarinsu, Ayyukansu da Hulɗarsu da Hukuma

Gabatarwa

Wannan bayani ya shafi ƙungiyoyin da mazauna unguwannin cikin ganuwar Kano suke kafawa domin gudanar da ayyukan da suka shafi kowa da kowa, kamar yashe magudanar ruwa, gyaran maƙabarta, kula da makarantar Islamiyya, haƙa rijiya da sintirin dare. Wasu suna kiransu ƙungiyoyin taimakon kai da kai, wasu ƙungiyoyin ci gaban unguwa, wasu kuwa kwamitin unguwa kawai suke cewa. Mun tsara bayanin ne domin amfanin jama'ar karkara masu niyyar kafa irin tasu, da kuma dagatai, masu unguwanni, kansiloli da jami'an raya al'umma na ƙananan hukumomi 44 da ke jihar nan.

Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa mutumin ƙauye da al'amarin cikin birni. Gaskiyar magana ita ce tsohuwar unguwar birni ta fi kama da ƙauye fiye da yadda ta yi kama da sababbin unguwannin bayan gari. Gidajen na gado ne, kowa ya san iyayen kowa, ana haɗuwa a masallaci ɗaya sau biyar a rana, kuma akwai mai unguwa. Bugu da ƙari, yawancin lungunan mota ba ta shiga, saboda haka motar hukuma a bakin titi take tsayawa, abin da ya rage daga nan zuwa ƙofar gida sai 'yan unguwa. Matsalar da mutumin karkara yake fuskanta saboda nisa, ita ce mutumin lungu yake fuskanta saboda ƙunci.

Unguwa da mai unguwa

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwar Kano, sannan aka faɗaɗa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kuma ƙara faɗaɗa ta a ƙarni na 17. A cikin wannan ganuwa akwai unguwanni fiye da ɗari. Sunayen wasu suna nuna sana'ar mutanensu, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. Wasu suna nuna asalin waɗanda suka fara zama, kamar Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa da Sharifai. Akwai kuma waɗanda suka shahara da ilimi, irin su Madabo da Kabara. Wannan bambanci yana da tasiri har yau a kan ƙungiyoyi, domin unguwar 'yan kasuwa ta fi samun kuɗi, unguwar masu sana'ar hannu kuwa ta fi samun masu aiki.

A karkara, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin sarki. A cikin birni an raba gari fuska huɗu, wato Gabas, Yamma, Kudu da Arewa, kowace fuska da wakilinta, masu unguwanni kuma suna bi ta hannun wakilan. A da, babban aikin mai unguwa shi ne tara haraji, tare da kai rahoton haihuwa, mutuwa, baƙi da annoba. Da gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, wadda ta hau a 1979, ta soke haraji da jangali, sai wancan aiki ya faɗi, amma sauran suna nan. Har yanzu mai unguwa ne shaidar cinikin gida, shi ne mai sasanta rikicin iyaka da na maƙwabtaka, kuma shi ake nema idan za a tabbatar da cewa wane ɗan unguwa ne.

Ya kamata jami'ai su riƙa bambanta unguwa da mazaɓa. Mazaɓa yanki ne na kansila, kuma akwai guda 484 a jihar. Cikin birni ya faɗa a ƙananan hukumomi uku: Birni da Kewaye mai mazaɓu 13, Dala mai 12, da Gwale mai 10, ko da yake wasu daga cikin mazaɓun nan sun fita bayan ganuwa. Mazaɓa ɗaya takan ƙunshi unguwanni da yawa, kowace da mai unguwarta da masallacinta da tarihinta. Ƙungiyar taimakon kai da kai a unguwa take tsirowa, ba a mazaɓa ba. Jami'in da ya kira taron mazaɓa ya ɗauka ya gana da kowa, sau da yawa unguwa biyu ko uku kawai ya gani.

Daga gayya zuwa ƙungiya

Tushen al'amarin shi ne gayya, wadda mutanen karkara suka fi kowa sani. Ita kanta ganuwa da aikin taron jama'a aka gina ta, da shi kuma aka riƙa gyara ta bayan damina. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce: a kira, a taru, a yi aiki, a ci tuwo, a watse. Ba ta da asusu, ba ta da magatakarda, kuma ba wanda za a tambaya bayan wata shida idan abin da aka gina ya lalace. Abin da ƙungiya ta ƙara a kan gayya shi ne ɗorewa, wato suna, shugabanni, littafin kuɗi da ranar taro.

Abubuwa da dama ne suka taimaka wajen yaɗuwar ƙungiyoyin. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ayyukan En'e ya ba majalisun ƙananan hukumomi, inda aka buɗe sassan kula da raya al'umma masu yi wa ƙungiyoyi rajista. Yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja ya kawo tsaftar muhalli ta tilas, kuma a nan Kano ne aka ƙaddamar da babin tsafta na wannan yaƙi a watan Yuli na 1985. Daga nan aka gaji tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Sannan matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa jama'a suka gane cewa akwai ayyukan da in ba su tashi sun yi ba, babu mai zuwa ya yi. Ƙari a kan haka, 'ya'yan unguwa da suka yi karatun zamani sun yi yawa, an sami masu iya rubuta takarda zuwa ofis da bin sawunta.

Yadda ƙungiya take tsaruwa

A mafi yawan unguwanni akan sami rukuni uku. Akwai iyayen ƙungiya, wato mai unguwa, limami da dattawa, waɗanda ba sa riƙe kuɗi amma ba a yanke babbar shawara ba tare da su ba. Akwai shugabannin gudanarwa: shugaba, mataimaki, magatakarda, ma'aji, mai binciken kuɗi da jami'in hulɗa da jama'a. Sai kuma matasa, waɗanda su ne masu shebur da baro. Akwai rukuni na huɗu da ba a cika rubuta shi a tsarin mulkin ƙungiya ba, wato 'yan unguwar da suka yi arziki ko suka sami muƙami suka koma bayan gari, amma gidan gadonsu yana nan. Babban aiki da wuya ya kammala ba tare da hannunsu ba.

Kuɗi yana fitowa daga karo-karon mako ko na wata, daga abin da ake sanarwa a masallaci idan wata buƙata ta taso, daga gudummawar masu hali, da kuma taron ƙaddamar da gidauniya. A ganinmu, karo-karon da ba shi da yawa amma kowane gida yana biya ya fi gudummawar attajiri ɗaya amfani, ko da ta ninka shi sau goma. Dalili kuwa shi ne wanda ya biya yana da bakin tambaya, kuma yana jin ciwo idan ya ga yaro yana wasa da kan famfo.

Magudanar ruwa

Idan aka tambayi kowace ƙungiya a cikin birni aikinta na farko, kusan duk amsa ɗaya za a ji: kwata. Yana da kyau a fahimci dalili.

Tsofaffin gidajen birni na ƙasa ne, kuma ƙasar da aka gina su da ita a nan cikin gari aka haƙo ta. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Shekaru aru-aru waɗannan kududdufai suna karɓar ruwan sama daga lunguna, su riƙe shi, ya tsane a hankali, abin da ya yi saura kuma ya bi rafin Jakara, wanda ya ratsa gari ta gefen kasuwar Kurmi ya fita har zuwa madatsar ruwa ta Wasai. Da jama'a suka ƙaru, aka cike kududdufai da yawa da shara aka yi gini a kansu. Ruwan da a da yake da masauki yanzu ba shi da shi, dole ya bi kwata. Ita kuma kwatar ba a yi ta don wannan nauyi ba, ga yashi, ga toka, ga leda, musamman ledar ruwan sha wadda ba ta ruɓewa. Idan kwata ta toshe a watan Yuli ko Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, sai ruwan ya kwanta a gindin katanga. Katangar ƙasa tana iya jure ruwan da ya dake ta daga sama shekara da shekaru in ana yi mata yaɓe, amma ba ta jure ruwan da ya kwana a gindinta. Da haka gidaje suke rushewa, wani lokaci a kan masu barci. Waɗanda suka ga daminar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle kuma gidaje masu yawa suka faɗi a Kano, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Saboda haka ƙungiyoyin da suka san aikinsu ba sa jiran ruwan farko. A watan Afrilu ko Mayu suke fita yasa, su sake fita a tsakiyar damina. Amma a nan ne iyakar ƙarfin ƙungiya take bayyana, ta hanya biyu.

Ta farko, dagwalon da aka yaso. Matasa suna iya fito da shi daga kwata su tura shi a baro zuwa bakin titi, amma ba su da motar da za ta kai shi juji. Idan ya kwana uku a wurin aka yi ruwa, ya koma inda ya fito, an yi aikin banza, kuma a karo na gaba da wuya matasan su fito. Kwashe shara aikin hukumar REMASAB ne, wadda aka kafa a 2003, tare da sassan lafiya na ƙananan hukumomi. Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce kada ta sa ranar yasa sai ta sami alkawarin mota a rubuce, da sunan jami'in da zai turo ta. Ga jami'ai kuma, mota ɗaya da ta zo a ranar da aka yi alkawari ta fi buhunan kayan aiki da ake rabawa a gaban 'yan jarida.

Ta biyu, ruwa bai san iyakar unguwa ba. Unguwar da ke tudu, kamar waɗanda ke gindin Dala ko Gwauron Dutse, idan ta yashe kwatarta ta kuma shimfiɗa siminti a lungunanta, ruwanta zai sauka da sauri fiye da da a kan unguwar da ke gangare. Idan ta gangaren ba ta yi nata aikin ba, gyaran maƙwabta ya zame mata ambaliya. An sha samun saɓani tsakanin unguwanni a kan haka. Maganinsa shi ne ƙungiyoyin da ke kan magudana ɗaya su haɗa rana, a fara daga ƙasa a hauro sama, kuma wannan haɗawa aikin wakilin fuska ne da kansila da jami'in raya al'umma, domin babu mai unguwar da yake da iko a kan unguwar wani. Manyan ayyuka irin rufe rafin Jakara da gina titi a kansa, wanda aka fara a wa'adin mulki na 2011 zuwa 2015, ko shirin Lungu Ƙal-Ƙal na shimfiɗa bulo a lunguna, sun fi ƙarfin kowace ƙungiya. Amma bayan ɗan kwangila ya tafi, share bulon da buɗe bakin kwalbati yana komawa hannun 'yan unguwa ne.

Mutanen karkara za su ga cewa wannan bai bambanta da al'amarin burtali, mashaya ko hanyar da ta ratsa ƙauyuka huɗu ba.

Ruwan sha da sauran ayyuka

Kano ta sami ruwan famfo tun farkon shekarun 1930 daga matatar Challawa, daga baya aka ƙara ta Tamburawa da ta Watari, amma yawan jama'a ya zarce abin da bututu yake kawowa, har ya zama unguwanni da dama sun dogara da 'yan garuwa. Don haka rijiyar burtsatse ta zama aikin da kowace ƙungiya take buri. Abu biyu muke jan hankali a kai. Ƙarƙashin ƙasar Kano dutse ne, ruwa yana cikin tsagoginsa, saboda haka ana iya samun ruwa a nan a rasa shi a taku hamsin. Kuɗin auna wuri kafin a haƙa ba asara ba ne. Na biyu, masana suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da yake da wuya a lungu, kuma sakaci da shi yana kawo amai da gudawa. Sannan duk rijiyar da ba a tanadar mata kuɗin gyara ba tun ranar buɗe ta, ko mai injin ce ko mai aiki da hasken rana, kwananta ƙididdigagge ne. Ƙungiyoyin da rijiyoyinsu suka daɗe su ne masu karɓar ɗan abu kaɗan a kan kowace jarka, su ajiye a asusu na dabam.

Maƙabarta ita ce aikin da ba a samun gardama a kansa. Manyan maƙabartu irin Dandolo da Abbatuwa unguwanni da yawa ne suke kai mamatansu, kuma ƙungiyoyi sukan yi gayyar cike kaburburan da ruwa ya zaizaye, sare ciyawa, gyaran katanga da tanadin itace da tukwane. Haka kuma makarantun Islamiyya, waɗanda suka fara yaɗuwa a birni tun shekarun 1950, yawancinsu a hannun kwamitocin unguwa suke, daga tabarma har alawus ɗin malamai. Akwai kuma ɗinkin sallah ga marayu, abincin azumi da kai marar lafiya asibiti, waɗanda ba a cika rubutawa ba.

Sintirin dare yana buƙatar taka-tsantsan. Unguwannin da suka sha fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya sun ga amfanin 'yan sintiri, amma doka ba ta ba su ikon hukunta kowa ba. Wanda aka kama, a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da duka ba. Ya wajaba mai unguwa da baturen 'yan sanda na yankin su san sunan kowane ɗan sintiri.

A fannin lafiya, abin da ya faru da rigakafin shan inna ya isa misali. An dakatar da shi a jihar nan a 2003 saboda shakkun jama'a, aka dawo da shi a watan Yuli na 2004, amma ƙin karɓa bai ƙare ba sai da aka sa hakimai, dagatai, masu unguwanni da malamai a gaba, aka kuma ɗauki matan unguwa masu shiga gida gida. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a jihar a ƙaramar hukumar Sumaila a 2014, kuma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. A nan akwai abin lura ga ƙungiyoyi: kusan dukkansu na maza ne, alhali mata ne suke yini a gida, su suka san gidan da ake rashin lafiya, su ne masu zubar da ruwan wanke-wanke a kwata, kuma sun daɗe da iya riƙe kuɗin jama'a ta hanyar adashi. Ƙungiyar da ba ta da reshen mata, rabin unguwa ba ya jin saƙonta.

Kwamitocin da hukuma ta kafa

Gwamnatoci daban-daban sun gane ƙarfin unguwa, sun kuma kafa nasu kwamitocin. A wa'adin 1999 zuwa 2003 aka kafa kwamitin CRC, wanda ya yi fice wajen gyaran azuzuwan firamare da ciyar da ɗalibai. A 2004 aka ƙaddamar da shirin A Daidaita Sahu, kuma a wannan zamani ne aka kafa Zauren Sulhu domin sasanta jama'a a matakin unguwa. Daga ɓangaren tarayya akwai kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido a kan ƙananan asibitoci, da kwamitin gudanar da makaranta wanda ya haɗa iyaye, malamai da shugabannin al'umma. Kowannensu ya yi aiki mai amfani. Abin da aka lura da shi dai shi ne kwamitin da gwamnati ta naɗa yakan yi ƙarfi ko rauni gwargwadon kulawar gwamnatin da ke kai, ita kuwa ƙungiyar da 'yan unguwa suka kafa da kuɗinsu ba ta san an yi zaɓe ba. Mafi alheri shi ne a riƙa cike kujerun kwamitocin hukuma da mutanen da ƙungiyoyin unguwa suka riga suka gwada.

Ba mu kaɗai muka taɓa fuskantar wannan ba, kuma misali biyu daga waje za su taimaka. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da tsohuwar al'adar samariya, ta mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Samariya ta gina azuzuwa, ta shuka itatuwa, ta share garuruwa a Maraɗi, Damagaram da sauran wurare. Amma da yake a jikin gwamnati aka ɗaure ta, da aka shiga siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990 sai ta dusashe. A ƙasar Ayalan ta nahiyar Turai kuwa, wani limamin coci mai suna John Hayes ya kafa ƙungiyar Muintir na Tíre, ma'ana mutanen ƙasa, a yankin Tipperary a 1937, domin mutanen karkara su haɗu su yi wa kansu aiki ba tare da la'akari da jam'iyya ba. Daga baya rassanta suka zama majalisun al'umma waɗanda mazauna yanki suke zaɓa, suna gina zauren taro, suna kula da tsofaffi da tsaron maƙwabtaka, suna neman tallafin gwamnati amma ba ita take naɗa su ba. Ƙungiyar tana nan har yau. A can ma akwai gasar gari mafi tsafta da aka fara a 1958 wadda ake yi duk shekara, abin da ƙananan hukumominmu za su iya kwaikwaya tsakanin unguwanni ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Inda ake samun cikas

Kuɗi ne kan gaba. Ƙungiyoyi da yawa ba sata ce ta kashe su ba, zargi ne. Ma'aji yana iya zama mutumin kirki, amma idan shekara ta zagayo bai karanta lissafi a bainar jama'a ba, sai gunaguni ya fara a majalisar dare, karo-karo ya ragu, masu zuciya su janye. A tsohuwar unguwa abin ya fi wuya, domin ma'ajin ƙanin mahaifin wani ne ko surukin wani, ana jin nauyin tambayarsa. Mafita ita ce a mai da karanta lissafi doka tun farko, kafin a san wanda zai riƙe kuɗin: asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu cikin uku, rasit ga kowane biya, da manna lissafi a ƙofar masallaci ko zauren mai unguwa duk wata uku.

Na biyu siyasa. Ɗan takara yana da 'yancin ba da gudummawa, ƙungiya kuma tana da 'yancin karɓa, amma ranar da aka rataya hotonsa a ofishinta, 'yan ɗaya jam'iyyar sun fita, kuma idan ya faɗi zaɓe takardunta sun daina tafiya. Shugaban da zai tsaya takara ya sauka tukuna. Na uku, shugabancin da ba ya ƙarewa, wanda yake korar matasa su je su kafa tasu, a wayi gari unguwa ɗaya tana da ƙungiya uku masu gaba da juna.

Akwai kuma ɗaukar nauyin da ba na ƙungiya ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da maƙabartu, kasuwanni, magudanan ruwa, bayan gida na jama'a da kwashe shara, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Taimakon kai da kai ƙari ne a kan aikin hukuma, ba madadinsa ba. Haka nan rarraba wutar lantarki ya koma hannun kamfanoni tun 2013, don haka kafin unguwa ta tara kuɗin taransifoma, ta nemi yarjejeniya a rubuce a kan wanda zai mallake ta da wanda zai gyara ta. Muna kuma tunatar da unguwannin da ke jikin ganuwa cewa ita kayan tarihi ce da doka ta kare, ba a ɗibar ƙasarta don cike rami ko da aikin na jama'a ne.

Rajista da neman tallafi

Ƙungiyar da take son hukuma ta san da ita za ta fara da taron 'yan unguwa a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta abin da aka tattauna da sunayen mahalarta. Sai a rubuta tsarin mulki, ko da shafi biyu ne, da Hausa in an fi so, mai bayyana manufa, wa'adin shugabanni, yawan karo-karo da yadda za a fitar da kuɗi. Da waɗannan takardu da wasiƙar gabatarwa daga mai unguwa da hakimi ake zuwa sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Ƙungiyar da aikinta ya ratsa ƙananan hukumomi za ta nemi rajistar ma'aikatar jiha mai kula da raya karkara da al'umma. Wadda kuma take son mallakar fili da sunanta ko hulɗa da ƙungiyoyin agaji na waje, sai ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta tarayya, bisa dokar kamfanoni ta 2020.

Idan wani ya ba da gida ko fili waƙafi domin makaranta ko asibiti, a rubuta da shaidu tun yana raye, magadansa su sa hannu, kuma ana iya neman shawarar Hukumar Zakka da Hubusi. A cikin birni kowane sabon gini yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA. A karkara kuwa, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya.

Takardar neman tallafi ta ƙunshi aiki ɗaya tak, da ƙiyasin kuɗinsa daga wanda ya san aikin, da abin da jama'a suka riga suka tara ko suka yi da hannunsu, da sunan waɗanda za su kula da shi bayan an gama. A kai ta kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa, wato tun kafin watannin ƙarshen shekara, a ba kansila kwafi, a kuma karɓi kwafin da aka buga wa hatimin ofis da kwanan wata a ajiye a fayil ɗin ƙungiya.